Rabin Giwa

Kakana na wajen uba shi ne Sarkin Bakan ƙauyenmu, wato shugaban maharba, a garin da ba shi da dajin da zomo zai ɓuya. Wanda ya san ƙasar Minjibir ya san abin da nake faɗa. Gona ce ke bin gona tun daga bayan dangarmu har inda ido ya tsaya, kowace kuka da mai ita, kowace ɗorawa an san wanda zai gaje ta. Sarautar gado ce, ta zo masa tare da kwari da baka, da wata tsohuwar bindiga adaka, da rigar layu mai nauyin jariri. An ce kakansa ya taɓa kayar da giwa a daidai inda makarantar firamarenmu take yanzu. Shi kuwa Kaka, iyakar abin da na ga ya shigo da shi gida a rataye shi ne gafiya, sai wani zomo da har yau nake zargin tsufa ne ya kashe shi.

Ni ce jikarsa ta fari, saboda haka ni ce amaryarsa, kuma bakina yana da izinin faɗa masa abin da 'ya'yansa ba su isa su faɗa ba. Mutum ɗaya ne ya fi ni tsokanarsa, wanzamin garin, abokinsa tun suna yara. Duk Juma'a zai zo zaure ya yi masa aski, ya kama kansa da hannu ɗaya yana juyawa, yana cewa, "Yi shiru da kai, Sarkin Baka, kada giwa ta ji motsinka ta gudu." Kaka yakan yi dariya tare da kowa. Sai da na girma na lura dariyar ba ta kai masa ciki.

Shekarun da nake magana a kai, na gama kwalejin horon malamai na dawo gida ina koyarwa a wannan firamare. Shekaru ne masu wuya. Albashi yana zuwa ranar da ya ga dama. Kananzir ya gagari mutane har mata suka koma murhun garin katako, fetur kuwa sai a galan a bakin titi. Sabulu da wuƙa ake yanka shi a raba. A cikin wannan hali ne Kaka ya fara tuntuɓe da abubuwan da suka shekara a wurinsu, turmi, bokiti, turken jaki. Na kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali daga gefe zuwa tsakiya, magani zai rage mata gudu ne kawai. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma yana gani ne kamar mai leƙe ta bakin tulu.

Muka fito muka zauna a kan dakalin asibitin. Ina ta haɗa kalmomin ba da haƙuri a raina, sai na ji ya ce, "Amarya, nawa ne kuɗin mota zuwa inda giwa take?"

Na ce, "Ai ga mu a Kano, tsoho. Tashi mu je gidan zu, kafin la'asar ka gan ta mun kama hanya."

Ya juyo da kansa duka, don a lokacin sai ya yi haka yake samuna. "Wadda aka killace ake kai mata harawa? Wannan ai saniya ce mai dogon hanci. Ni ta daji nake so, wadda ba ta san da zuwana ba."

Daga ranar na san abin da ke gabana. Sai na kai mutumin nan gaban giwa kafin bakin tulun nan ya rufe.

Akwai wani maƙwabcinmu direban a-kori-kura da ke kai hatsi da albasa kasuwannin Bauchi, kuma ya taɓa kai wasu baƙi Yankari. Shi muka gayyato zaure, aka shimfiɗa masa tabarma kamar mai neman aure. Ya fara da cewa akwai ƙofa.

"Ƙofar me?" in ji Kaka.

"Ƙofar dajin, Baba Sarki. A nan ake biyan kuɗin shiga."

"Daji da ƙofa? Da kwado da mukulli?"

Direba ya ce ba wannan kaɗai ba. Babba da kuɗinsa, yaro da nasa, mota ma sai an biya mata, mai ɗaukar hoto ya biya wa na'urarsa. Ɗakin kwana daban. Sannan ba a shiga ciki da ƙafa, akwai buɗaɗɗiyar mota da ke fita da safe da yamma tare da ɗan rakiya, ita ma da nata kuɗin. Kaka yana ji yana taɓe baki. Da aka gama ya yi tambayoyi biyu. Ta farko, ko sarki yana biya idan ya je gaida sarki ɗan'uwansa, tunda dole dajin yana da nasa Sarkin Bakan. Ta biyu, tunda ido ɗaya ya rage masa, ko za a yi masa rabin kuɗi. Direba ya ce shi dai bai ga an yi ciniki a wurin ba. Ya ƙara da wata magana da ta tsaya mini a rai: kuɗin shiga ake biya, ba kuɗin gani ba. Wasu su kwana biyu su dawo ba su ga ko wutsiyarta ba.

Sai maganar lokaci, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Mu manoma kuɗinmu yana hannu da kaka, lokacin da aka kai amfanin gona gida aka sayar da gyaɗa. To a lokacin ciyawar Yankari ta fi mutum tsawo, ruwa kuma yana ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa. Sai bazara, idan zafi ya ƙone ciyawa, tafkuna suka ƙafe, sannan komai ke gangarowa bakin kogi. Bazara kuwa a gidanmu ita ce lokacin da ake leƙa rumbu a yi tsaki, jakuna na jigilar taki zuwa gona, kowa ido na sama yana jiran ruwan shuka. Ranar da muke da kuɗi giwa ba ta nan, ranar da take nan ba mu da kuɗi. A kan wannan sai ka ɗora hutun makaranta, ka ɗora ranar da direba zai samu mai bayan ya kwana a layi.

Shekarar farko Kaka ya ware akuya ya ce ta giwa ce. Kafin bazara ta kai tsakiya gero ya yanke mana, akuya ta tafi kasuwa ta dawo a buhu. Shekara ta biyu ya ware gyaɗar wata 'yar gona. Muka sayar muka ƙulle kuɗin, na ɓoye a ƙasan adudu ina jin kaina mai dabara. Da bazara ta zo direba ya ce kuɗin mota ya ninka, kuma abin da muka ƙulle ba zai kai mu Birnin Kudu ba ballantana ya dawo da mu. A shekarun nan kuɗin da aka ajiye narkewa yake kamar man shanu a rana. Na ji haushi har na yi kwana biyu ban tsokani kowa ba.

Babana, wanda shi ne babban ɗan Kaka kuma shi ke riƙe da rumbu, tun farko bai so zancen ba. Ba ya iya musa wa mahaifinsa, don haka a kaina yake saukewa. "Mutane na neman abin da za su ci, ke da angonki kuna neman abin da za ku kalla." Ni ma na san gaskiya ya faɗa.

A shekara ta uku na gane cewa kada in sake ajiye kuɗi, abu mai rai zan ajiye, kuma mai sayuwa a daidai lokacin da nake so. Babbar Sallah a shekarar za ta faɗo ne a tsakiyar bazara. Da aka biya mu bashin albashin wasu watanni, ban tsaya ko'ina ba sai kasuwar dabbobi, na sayo ɗan rago fari mai baƙin kunne. Kafin mako ya zagayo duk garin sun sa masa suna Ragon Giwa. Na ba shi dusa, na ba shi harawa, na ba shi ruwan tsarin da ya kamata in sha. Babban abin tsorona ba ɓarawo ba ne, haihuwa ce. A gida irin namu rago mai ƙiba ba ya tsallake ranar suna. Duk matar da na gani a gidan ta fara tofar da yawu sai in zauna ina lissafa mata watanni fiye da yadda mijinta ke yi. Matar ƙanin babana ta kusa sa mini hawan jini, Allah ya taimake ni haihuwarta ta wuce Sallah.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Babana ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da takalman Kaka yana jiransa. Kaka ya fito, ya karɓa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, yaro. Ɗan gidan wa ne?" Babana ya kamo hannunsa suka taho gida. Da yamma ina wanke-wanke na ga ya shigo da damin harawa daga wadda yake tattala wa jakunansa, ya zube a gaban ragon, ya juya ya fita bai kalle ni ba. Daga ranar bai sake zancen ci da kallo ba.

Shiri kuwa Kaka ya ɗauke shi da muhimmanci fiye da na aikin Hajji. Rigimar farko a kan adaka aka yi ta. Direba ya rantse ko tsinken kibiya aka gani a jakarmu a hannun hukuma za mu kwana. Kaka ya ce shi ba harbi zai yi ba, amma ina aka taɓa ganin Sarkin Baka ya shiga daji hannu na dukan cinya? Na ce bindigar da rabonta da tashi tun ba a haifi Babana ba, idan ta tashi yanzu shi za ta fara kayarwa. A ƙarshe aka daidaita, adaka za ta zauna, rigar layu za ta tafi amma a ƙarƙashin babbar riga. Ya kuma kafe kai da fata cewa ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Goro na mai ƙofa, ƙaramin damin harawar wake na giwa. Sannan kirari. Akwai wani dogon kirari da ya gada wanda maharbi ke yi idan ya yi arba da giwa, kuma tun da ya gaje shi bai samu wurin yinsa ba. Kullum da hantsi sai ya zauna a bayan gida yana bitarsa, Ragon Giwa yana tuƙa yana sauraro.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah muka sayar da ragon, ya yi kuɗi yadda nake fata. Na yi kuka kaɗan a bayan ɗaki, abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Bayan Sallah direba ya samu mai, aka sa mu a gaba kusa da shi, buhunan albasa a baya. Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Kaka yana tambayar sunan kowane gari yana cewa kakansa ya bi ta nan da ƙafa. Tun daga Ningi ya fara damuwa da wani abu daban. Duk inda na ce masa daji ne hagu da dama, sai ya ce, "Duk ba mai nomawa? Ikon Allah. Ina magadan?" A Bauchi muka kwana gidan 'yan'uwan direba, washegari muka shiga wata motar da ta kai mu ƙofa.

Ƙofar kuwa da gaske ƙofa ce. Kaka ya gyara riga, ya yi sallama, ya gabatar da kansa da cikakkiyar sarautarsa, ya miƙa goro. Mai ƙofar mutumin kirki ne. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi goro da hannu biyu, ya yi godiya, sannan ya miƙe ya faɗi kuɗin mutum biyu ba ragin ko kwabo. Kaka ya kawo zancen ido ɗaya. Mutumin ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, mu nan kai muke ƙirgawa, ba ido ba." Harawa kuma ya ce ba a ba dabbobin dawa abinci, sai dai a bar ta a nan. Na hango wata akuya ɗaure a bayan ɗakinsa, na san inda tsarabar giwa za ta ƙare.

Kwana biyu muka shirya yi, fita biyu ta safe, domin idon Kaka da yamma ba ya aiki. Da sassafe muka hau buɗaɗɗiyar motar tare da wasu ɗalibai da ɗan rakiya. Nan na gane abin da ban lissafa ba a duk shekarun shirin nan. Dabbar daji ba ta tsayawa. Ɗan rakiya zai nuna ya ce ga gwanki, ɗalibai su yi ihu, kafin Kaka ya lalubo wurin da ɗan abin da ya rage masa na gani, sai ƙura. Birai suka wuce bai gani ba. Gadu ya tsallaka hanya da 'ya'yansa wutsiya a sama, bai gani ba. Ya daina tambaya, ya sunkuyar da kai. Sai na tashi na koma bayansa, na kama kansa da hannu biyu yadda wanzami ke yi, na ce, "Saki wuyanka, tsoho, ni zan tuƙa."

Abu na farko da na samu na nuna masa da kyau shi ne kashin giwa, tunda shi ba ya gudu. Tuli-tuli a kan hanya, kowane ƙwallo ya kai ƙwaryar fura. Kaka ya daɗe yana kallo. Na zata zai yi maganar farauta, ya ce sabo ne ko na jiya. Sai ya ce da ɗan rakiya, "Yaro, wa ke kwashe takin nan?" Aka ce ba kowa. Ya yi salati. Ya ce shi da ke biyan Fulani su kwana da shanu a gonarsa, ga mangala ɗari a zube rana na ci. Ɗalibai suka yi ta dariya, ni kuwa na shiga damuwa, domin hantsi ya ɗaga, zafi ya fara, kuma maganar direba tana ta dawo mini.

Mun juyo ke nan ta bakin kogi, ɗan rakiya ya buga jikin mota, direban ya kashe inji. Ga su nan a tsallaken ruwa, suna fitowa daga cikin itatuwa ba sa ko sauri, manya da ƙanana. Na juya kan Kaka a hankali, na ɗaga haɓarsa kaɗan, na tsayar a kan babbar da ke gaba. Na ji wuyansa ya ƙage a hannuna.

"Amarya," ya ce da raɗa, "rumbu ne ke tafiya."

Na ce, "Ita ce, Kaka. Yi kirarin."

Bai yi ba. Kirarin da rago ya haddace saboda yawan ji, ko kalma ɗaya ba ta fito ba. Ya laluba da ƙafa ya zare takalmansa a cikin motar, ya dunƙule hannu ya ɗaga, ya ce da muryar da yake gaida hakimi, "Barka da hantsi." Giwar ta kaɗa kunne ta ci gaba da shan ruwanta. Na ji ɗumi yana gangarowa kan yatsuna ta gefen fuskarsa, ban saki ba, ban kuma tsokane shi ba.

Da azahar iska ta juya, gabas ta yi baƙi, aka yi yayyafi mai ƙamshin ƙasa. Kaka ya ɗaga hanci ya shaƙa, ya miƙe tsaye ya ce in haɗa kaya. Na ce muna da fitar gobe, kuma na riga na biya ɗaki. Ya ce hadari daga gabas yake tafiya, wannan da ya taso zai riga mu isa Minjibir, kuma shi tun da ya yi wayo ba a taɓa ruwan shuka yana wani gari ba. Na yi magiya, na yi fushi, na tuna masa akuya da gyaɗa da rago. Ko a jikinsa. Haka muka baro giwaye muka yi ta sauya mota, muka iso gida a gajiye muka tarar da ƙasa busasshiya ƙamas, kaji na wankan turɓaya. Ruwan Bauchi daban, namu daban. Sai da aka yi makonni yana zaune a zaure da sungumi a gefensa kafin namu ya sauka.

Wanzami ya samu abin yi. Ya ce an ga maharbin da giwa ba ta kora ba, yayyafi ya kora. Amma tsohuwar tsokanar nan ta kada giwa ta ji motsi, ban sake jin ta a bakinsa ba. Juma'ar farko ma aska ya ajiye ya ce, "Wai don Allah yaya take?" Kaka ya gyara zama ya ba shi labari, har da yawan takin.

Kafin a yi girbi a shekarar bakin tulun ya rufe. Mutane suka yi ta zuwa jaje, yana amsawa da Alhamdu lillahi. Wata rana na kawo masa fura, ya ce, "Amarya, an cuce ki a ƙofar nan. Kin biya cikakke, ni kuwa rabi na gani. Ba ta shiga idon duka ba. Kunne na samu, da gadon baya, da ƙafa ɗaya."

Na ce, "Da ka bari mun kwana ai da ka ga sauran."

"Bar shi haka," ya ce. "Rabin ma ya cika wurin. Tun da ta shiga ba ta fita ba."

Ya yi 'yan shekaru bayan nan. Wani lokaci da hantsi, idan gida ya yi shiru an tafi gona, sai in ji ya kira, "Amarya, zo ki tuƙa." Nakan ajiye abin da nake yi in tsaya a bayansa, in kama kan da hannu biyu, in juya shi wajen Bauchi, in ɗaga haɓar kaɗan. Sai ya ce, "Yawwa, nan. Kada ki motsa." Ni kuwa ba na motsawa.